Wawan da ke kunyata manya: nazarin salon Rajkumar Hirani

Daga 2003 zuwa 2023, fina-finai shida kacal Rajkumar Hirani ya ba da umarni. A masana'antar Mumbai wannan ba wani yawa ba ne, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya faɗi a kasuwa. Wanda ya kalle su a jere kuwa zai lura cewa kusan labari ɗaya mutumin yake ta juyawa: wani bare ya faɗa cikin gidan da ke ji da kansa, asibiti ko jami'a ko wurin bauta, ya dinga jefo tambayoyin da ake ɗauka wauta ce, har mai gidan ya rasa ta cewa.

An haifi Hirani a Nagpur a 1962, mahaifinsa yana da makarantar koyon buga tafireta. Aikin edita ya karanta a makarantar fim ta Pune, wato yanka hotuna da jera su har su zama labari. Ya yi shekaru yana shirya tallace-tallace kafin furodusa Vidhu Vinod Chopra ya ba shi aikin edita a Mission Kashmir na 2000. Har yau shi yake yanka fina-finansa da hannunsa. Shi da abokin rubutunsa Abhijat Joshi suna da ƙa'ida: duk fitowar da ba ta sa dariya ba, ba ta sa hawaye ba, ba ta kuma tayar da hankali ba, a zubar da ita. Wannan ƙa'idar edita ce ta sa fim ɗin da ya kusa awa uku ba ya gundurar mai kallo.

A Munna Bhai MBBS na 2003 aka fara ganin zubin. Sanjay Dutt ya fito a ɗan daba da ya kutsa makarantar likitanci da maguɗi, don ya wanke mahaifinsa daga kunya. Bai san komai a littafi ba, amma shi ne ya tambayi shugaban makarantar ko dole sai an cike fom kafin a duba wanda ke bakin mutuwa. A Lage Raho Munna Bhai na 2006, ɗan dabar ya koma ganin Gandhi a idonsa, yana koya wa jama'a su aika wa azzalumi furanni maimakon duka. Abin bai tsaya a silima ba: a 2007 wasu Indiyawa ma'aikata a Amurka sun yi ta aika furanni ofishin shige da fice, don nuna fushinsu kan jinkirin takardun zama.

Fim ɗin da ya kai sunansa nesa shi ne 3 Idiots na 2009, wanda aka ɗora a kan littafin Chetan Bhagat, har aka yi cacar baki kan yadda aka rubuta sunan marubucin. Batunsa haddar karatu ba fahimta, da matsin iyaye da ke kai ɗalibai ga kashe kansu. Ya samu karɓuwa a Sin, an sake yin sa da harshen Tamil a 2012, an kuma yi na Meziko a 2017. A PK na 2014 kuwa Hirani ya kai wautar maƙura: Aamir Khan baƙo ne daga wata duniya, wanda bai san tufafi ko kuɗi ba, balle dalilin da zai sa wani malamin addini ya zama dillali tsakanin mutum da abin bautarsa. Wasu ƙungiyoyin Hindu sun yi zanga-zanga, amma fim ɗin ya zama na farko da ya haura rupi biliyan 3 a cikin Indiya.

Dabarar tana da sirri. Hirani ba ya kashe mugu, tausasa shi yake yi. Boman Irani, wanda ya fito a shugaban makaranta a fim na farko da kuma 3 Idiots, a ƙarshe nadama yake yi. Mai kallo yakan fita da sanyin zuciya, ko da shi ake yi wa habaici. Nan kuma raunin yake. Matsalar da ta shafi tsari gaba ɗaya sai ta koma taurin kan mutum guda, a warware ta da runguma, ko da haihuwar da ɗalibai suka karɓa a kan teburin wasa da injin share ƙura a 3 Idiots. Mata ma sau da yawa 'yan rakiya ne a labarin.

Sanju na 2018 ya fallasa iyakar salon. Wannan karon wanda ake ba da labarinsa abokinsa ne, Sanjay Dutt, da kotu ta ɗaure kan mallakar makamai masu alaƙa da hare-haren bam na Bombay na 1993. Tun da dole a samu gidan da za a kunyata, sai laifi ya faɗa kan 'yan jarida. Hirani da kansa ya faɗi cewa ya ƙara wasu fitowa bayan ya ga masu kallon gwaji ba su tausaya wa jarumin ba. Masu sharhi da dama suka ce wankiya ce kawai.

Dunki na 2023, haɗuwarsa ta farko da Shah Rukh Khan, ya koma tsohuwar hanya: matasan Punjab da aka hana biza suka bi ɓarauniyar hanya zuwa Ingila. Sai dai dokar kan iyaka ba ta da shugaba guda da za a tsayar a gaban aji a ba shi kunya, don haka tambayoyin jarumin suka ƙare a gaban alƙalin da dokar ta ɗaure wa hannu. Fim ɗin ya mayar da kuɗinsa har da riba, amma bai kamo Pathaan da Jawan ba, fina-finan faɗa biyu da Shah Rukh Khan ya fitar a shekarar.