Masu Karanta Tarihin Mota a Jikin Ƙarfe

Tsakanin 1964 da farkon shekarun 1970, masana'antun Detroit a Amurka sun ƙera wani jinsin motoci masu ƙwanji: jiki matsakaici, ƙofa biyu, amma a ƙarƙashin bonet an cusa ƙaton inji mai silinda takwas. Pontiac GTO ta 1964, wadda John DeLorean da abokan aikinsa suka fito da ita, ita ta share fage, sannan irin su Dodge Charger, Chevrolet Chevelle SS da Plymouth 'Cuda suka biyo sahu. Zamaninsu bai yi tsawo ba. Tsadar inshora, dokar tsaftace iska ta 1970 da ƙarancin man fetur na 1973 suka taru suka durƙusar da kasuwar. Samarin da suka saye su a lokacin yau sun zama dattawa, kuma akan samu wanda zai dubi motar da ya yi shekara hamsin yana lallaɓawa, ya ce ya ba da ita ga asibitin yara ko gidauniyar tsofaffin sojoji.

Niyya ta yi kyau, sai dai niyya kaɗai ba ta kai kuɗi asusun mabuƙata. A 2003 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya bi sawun motoci 54 da aka bayar kyauta, ya tarar cewa a kashi biyu cikin uku na motocin, abin da ya shiga hannun ƙungiyoyin agaji bai wuce kashi 5 cikin 100 na darajar da masu kyautar suka rubuta a takardun harajinsu ba. Wasu sun zuzuta farashi, wasu motocin kuma an kai su gwanjon sari an karyar, 'yan tsakiya sun cire nasu. Daga 2005 doka ta canza: idan ƙungiya ta sayar da motar, rangwamen harajin mai kyauta yakan tsaya ne a kan abin da aka sayar da ita. Ke nan mai bayarwa da mai karɓa duk fatansu ɗaya, motar ta yi kuɗinta na gaskiya.

A nan ne gwanin da nake jinjina wa yake shigowa, wato mai tantance mota. Aikinsa shi ne ya tabbatar motar ita ce wadda ake cewa ita ce. A 2014, a gwanjon Mecum da aka yi a Seattle, an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai naɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5, domin irinta da aka ƙera a shekarar ba su wuce goma sha biyu ba, kuma tana ɗauke da injinta na asali da takardunta. Barracuda gama-gari, wadda 'Cuda nau'i ce a cikinta, ta wannan shekara za a iya sa mata fenti iri ɗaya, tambari iri ɗaya, har da injin Hemi da aka samo daga wani wuri, ido ba zai raba su ba. Amma kama da wane ba ta wane, kuma masu kuɗin da ke zuwa gwanjo sun san haka.

Gwanin ba ya farawa da ƙyallin fenti. Tocila yake ɗauka da ƙaramin madubi ya shiga ƙarƙashi. Daga wajajen 1968 masana'antu suna buga wani ɓangare na lambar shasi a jikin inji da giyabos, don haka sai ya goge maiƙo ya gwada lambobin, ko sun zo ɗaya. Zuwansu ɗaya ma bai gamsar da shi ba, saboda maguɗa sun iya kankare tsohuwar lamba su buga sabuwa. Sai ya dubi siffar haruffan, zurfinsu, da layukan da injin masana'anta ya bari a fuskar ƙarfen, waɗanda kankara take shafewa. Akwai kuma ranar da aka zuba narkakken ƙarfen injin, wadda ke fitowa a jikinsa. Dole ta riga ranar haɗa motar, galibi da 'yan makonni. Injin da aka zuba bayan motar ta bar masana'anta ya tona asirin kansa.

Kowane kamfani da nasa sirrin, kuma wannan ne ke ɗaukar shekaru kafin a ƙware. A motocin Chrysler na 1970 da 1971, harafin R a gurbi na biyar na lambar shasi shi ke nuna Hemi mai lita 7. GTO daga 1966 zuwa 1971 lambarta da 242 take farawa, amma ta 1964 da 1965 ƙari ce kawai a kan motar LeMans, lamba ba ta faɗin komai, sai an nemi kwafin rasit na masana'anta daga Pontiac Historic Services. Masu Ford suna da rahoton Kevin Marti, wanda ke riƙe da bayanan motocin kamfanin na 1967 zuwa gaba. Chevelle ce mai wahala. Babu irin wannan rumbun gare ta, shi ya sa masu harkar kan ce Chevelle LS6 mai ƙarfin doki 450 da ke yawo a yau sun fi waɗanda aka ƙera a 1970 yawa. Abin da ke ceton ta shi ne takardar haɗi da ma'aikata kan mance a cikin mota. Gwanin yakan cire kujerar baya ya lalubi tsakanin wayoyinta, ko ya sa a sauke tankin mai a duba samansa. Idan Allah ya sa aka dace, sai ga wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, ta jera duk abin da aka sa wa motar ranar da aka haɗa ta. Ba a jan ta da gaggawa, don tana iya marmashewa a hannu.

Sai jiki. Mayen ƙarfe ko na'urar auna kaurin fenti suna nuna inda aka cike rami da fila, yatsa kuma yana gano walda da ba ta masana'anta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da zai faɗi sakamako. Mutumin da ke gabansa ba ɗan kasuwa ba ne, alheri ya zo yi, wataƙila ma motar marigayi mahaifinsa ce. Duk da haka, idan injin ba na asali ba ne, haka zai rubuta. Dokar haraji ma ta tsare wannan gaskiya: inda ake buƙatar rubutaccen ƙiyasi, kamar motar da ta haura dala 5,000 wadda gidan tarihi zai ajiye maimakon sayarwa, ba a yarda ladan mai ƙiyasi ya zama kaso na darajar da ya yanka ba. Kuma sau da yawa shi ne ke hana mai mota yin ɓarna da kyakkyawar niyya, ya ce kada a sake fenti, kada a canza kujeru, domin masu saye sun fi darajanta tsohon fentin masana'anta a kan sabo.

Da takardu a hannu, sai zaɓen kasuwa. Kamfanin gwanjo na Barrett-Jackson, wanda Tom Barrett da Russ Jackson suka kafa a 1971, yana gwanjonsa mafi girma duk watan Janairu a Scottsdale ta jihar Arizona, kuma ba ya karɓar la'ada a kan motocin da ya ware don agaji: abin da aka buga guduma a kai gaba ɗaya ƙungiyar yake tafiya. Ta wannan hanya ya tara sama da dala miliyan 100. Akan ma samu wanda ya saya ya mayar da motar nan take, a sake tayawa daga farko. Bayan ciniki, ƙungiyar tana da kwana 30 ta aika wa mai kyautar takardar shaidar abin da aka sayar, wadda zai haɗa da takardun harajinsa.