Barmani Choge da ƙoran Funtuwa

Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta rasu a shekarar 2013 a Funtuwa, garin da bai daina zama mazauninta ba ko bayan da sunanta ya kai Kano da Maraɗi. Kayan kiɗanta na amada ƙorai ne kifaffu, irin na kowane madafi, ƴan amshinta kuwa mata.

Masu sukarta sun tsaya a kan batsa, kuma lalle bakinta ba shi da linzami. Sai dai sun manta da inda ake waƙar: cikin gida, ranar biki ko suna, inda matar kulle ke amayar da abin da ta daɗe tana haɗiyewa game da kishiya, haihuwa da kuɗin cefane. A nan ne take yi wa mace marar sana'a ba'a, har ta zabura ta kama ko da suyar ƙosai ce.

Kaset ya kawo muryarta har Dakoro, amma ya baro rabin aikin a tsakar gida: guɗa, liƙi, da shewar matan da suka gane da wa ake habaicin.