Mutuwar Ƙarya a Wasan Romiyo da Juliyet: Matsalar Juya Shi zuwa Hausa

A wannan taƙaitaccen nazari za mu duba dabara guda a wasan Romiyo da Juliyet na William Shakespeare, wanda aka fara bugawa a 1597, mu ga ko za ta karɓu idan wata ƙungiya ta so nuna wasan da Hausa a gari irin Ɗan Issa.

A kashi na huɗu, iyayen Juliyet sun tilasta mata auren Paris, alhali ta riga ta auri Romiyo a ɓoye. Sai Fada Lorans ya ba ta maganin da zai kwantar da ita kamar gawa har awa 42. Dabarar ta dogara ne ga al'adar Verona, inda ake kai mamaci da tufafinsa cikin ɗakin dutse na zuri'arsu a ajiye. Wanda ya farfaɗo a can yana da iskar shaƙa.

A ƙasar Hausa kuwa ba a jinkirta jana'iza. Ana yi wa mamaci wanka, a sa shi a likkafani, a sallace shi, a rufe da ƙasa, galibi a ranar da ya cika. Juliyet Bahaushiya za ta mutu da gaske kafin maganin ya sake ta, kuma ƴan kallo za su gane haka nan take. Saboda haka muke ganin riƙe wannan fitowa yadda take kuskure ne.

To me ya kamata mai juyi ya riƙe? A ra'ayinmu abu biyu ne. Na farko, dalilin dabarar: yarinyar da ba ta cika shekara 14 ba, wadda aka hana ta cewa a'a. Wannan jigo na auren dole sananne ne a adabinmu, kuma mafitar da masu kallo suka sani ita ce gudu zuwa gidan gwaggo ko tsallaka iyaka. Na biyu, saƙon da bai isa ba. Maganin ya yi aikinsa daidai. Abin da ya halaka masoyan shi ne an killace Fada John saboda annoba, wasiƙar ba ta kai Mantua ba, labarin ƙarya ya riga ta isa kunnen Romiyo.

Mutanen Ɗan Issa, da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, sun san wannan ciwo. Nijeriya ta rufe iyaka a 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa a 2019 zuwa 2020, dangi suka rabu da juna. Ko a zamanin wayar salula, jita-jita kan riga gaskiya sauka.

A ƙarshe, shawararmu ga mai juyi ita ce ya bar kwalbar magani a Verona, ya gina ƙarshen wasan a kan yarinyar da ta gudu, aka ce ta mutu, da saƙon da ya maƙale a bakin iyaka.