Jinjina Ga Malaman Dabbobi Na Kura Da Bunkure

Ruwan madatsar Tiga da ya mayar da Kura, Bunkure da Garun Malam gidan shinkafa da tumatir, shi ne kuma ya tara wa malaman dabbobi aiki. Duk inda ruwa ya kwanta a magudana, ƙananan dodon koɗi na hayayyafa, su ne ke ɗaukar tsutsar ciwon hanta. Saniya ta ci ciyawar bakin ruwa, ta fara ramewa, haɓarta ta kumbura, mai ita yana ta zargin ƙarancin dusa. Malamin dabbobi kuwa da ya buɗe fatar idonta ya ga ta yi fari, ya san inda matsalar take, ya ɗura mata magani, ya sa ranar da za a maimaita.

Wannan aiki ba na zaman ofis ba ne. A kan babur suke bin gefen magudanai zuwa rugage, da akwatin ƙanƙara a baya, domin allurar rigakafi irin wadda ake haɗawa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da aka kafa tun 1924, zafi na lalata ta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suke kula da kare. Mutanenmu ba su cika kai karen gadi ko na farauta asibiti ba, amma su suna lallashin mai shi har ya yarda a yi masa allurar haukan kare, saboda yaran da ke wasa a ƙofar gida.