Yadi 440: Sharhi a kan Hujjar Gwamna Lugga ta Raba Unguwanni

A littafinsa mai suna The Dual Mandate in British Tropical Africa, wanda ya fito a 1922, Gwamna Lugga ya kare tsarin da Dokar Birane ta 1917 ta tabbatar, wato a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da mazaunin baƙar fata. Dalilinsa shi ne kariya daga zazzaɓin cizon sauro da shawara. Ya kuma ce wai wannan ba wariya ba ce, tun da Bature ma an hana shi zama cikin 'yan ƙasa.

Ba za a ce hujjar ba ta da tushe ba. A 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin a cikin sauro, sannan likitocin da suka yi bincike a Saliyo wajen 1900 suka same ta a jinin yara 'yan ƙasa da yawa. Inda gizo ke saƙar shi ne fassarar da aka yi wa binciken. Yaron da ya kamata a ɗauka majiyyaci mai bukatar kwini, sai aka mai da shi matattarar cuta, abin gudu. Alhali kuwa akwai wata hanya: William MacGregor, Gwamnan Ikko daga 1899 zuwa 1904, likita ne, ya ƙi wariyar, ya fifita cike kududdufai da raba kwini ga kowa.

Batun daidaito kuwa, a takarda ya tsaya. A Kano, Bature na Nasarawa ya sami fili da iska, mazaunin Sabon Gari ya sami cunkoso da kwatami. Ruwan famfon Calawa da aka buɗe a 1931, baitulmalin En'e ne ya ɗauki nauyinsa, wato harajin talakawa. Ga kuma kuku da boyi suna kwana a bayan gidan Bature, sai ka ce sauro yana tantance wanda zai ciza.

Dokar ma ba ta wuce garuruwan da Turawa ke zaune ba. Manomin Tsamaye ko na Isa, a fadamun Gobir inda sauro ke cika kowace damina, yana biyan harajinsa kamar kowa, amma tun da babu Bature kusa da shi da za a kare, hujjar Lugga ba ta da abin da za ta ce game da zazzaɓin 'ya'yansa.