Ƙuruciyar Abubakar Imam da Asalin Hikimarsa

Masu nazarin Magana Jari Ce sun daɗe suna bin sawun labaran da ke cikinsa zuwa Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa, har waɗansu suka ɗauka aikin Imam aro ne kurum. Wanda ya dubi ƙuruciyarsa kuwa zai ga maganar ba a nan ta tsaya ba.

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, saboda haka yaron ya tashi tsakanin allo da zauren shari'a, inda magana ke kuɓutar da mutum, ita ce kuma ke ɗaure shi. Daga nan ya bi wansa, Muhammadu Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki, zuwa Katsina, ya shiga Kwalejin Horon Malamai cikin 1927, ya fita cikin 1932.

Tasirin wannan tarbiyya a fili yake. A Ruwan Bagaja, na 1934, Alhaji Imam da Malam Zurƙe da baki suke kai wa juna sara. A Magana Jari Ce, aku ba shi da makami sai harshe, da shi ya tsare Musa ɗan sarki, har ya kai ga sarautar waziri. Ƙashin labari dai Imam ya aro; fada, da gardama, da iya zance, waɗannan daga gida ya taho da su. Shi ya sa 'yan makarantar da suka karanta shi ba su ji baƙon harshe ba.