Jinjina ga Masu Karanta Hoton Ƙashin Baya

Na'urar MRI da maganaɗisu take aiki, amma ba ta magana. Likitan hoto ne bakinta. A ɗaki mai duhu yake zama yana bin ƙasusuwa biyar na ƙugu, ya fi daɗewa tsakanin na huɗu da na biyar, inda faifan guringuntsi ya saba ɓullowa ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa.

Haƙurinsa ne ya fi burge ni. Ya san mutane da yawa faifansu ya kumbura amma lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ba ya gaggawar ɗora masa laifi. Sai ya sake dubawa, ko tarin fuka ne ke cin ƙashin a ɓoye, kafin ya kai ga shanye ƙafafun mutum.